Wane irin icce ne na tarar a tsakar gidana?

Baban Rabi, Yamai:
Assalamu alaikum. A shekarar 2022 na sayi gida a unguwar Bobiel, na tarar da wani icce dangin dabino a kusurwar tsakar gida, dab da famfo, wanda a lokacin tsawonsa bai wuce ƙuguna ba, amma yau ganyensa ya zarce katanga. Ganyen faffaɗa ne kamar mafici, akwai farin zare siriri da ke lilo a tsakanin tsagoginsa, sandar ganyen kuma ja-ja ce daga gindi, da ƙayoyi a jere kamar haƙoran zarto. Gangar jikinsa guda ce, bai taɓa yin ƴaƴa ba. Mahaifiyata da ta zo daga Tawa ta dube shi ta ce giginya ce, maƙwabcina kuwa ya dage cewa goruba ce. Abin da ya fi damuna shi ne tsakaninsa da bangon ɗaki bai fi mita ɗaya da rabi ba, ina tsoron saiwarsa ta tsaga mini gini. Don Allah masu sani su taimaka mini kafin in sa masa gatari.

Ɗan Gaya:
Wa alaikumus salam, Malam. Ina girmama maganar Hajiya, amma wannan ba giginya ba ce. Ni a Dallol Mawri na tashi, inda giginya ta yi daji guda, kuma abin da kowane yaro ya sani a can shi ne ba ta da gaggawa: ƙwallon yakan fara tura tsiro can cikin ƙasa, wanda shi ne murucin da ake tonowa a dafa, daga nan ta yi shekaru tana fitar da ganye a ƙasa kafin gangar jiki ta bayyana. Iccen da ya tashi daga ƙugu ya haye katanga cikin shekaru uku ya yi mata sauri ƙwarai. Ganyenta ma ya fi wanda ka siffanta girma da kauri nesa ba kusa ba.

Innar Sa'a:
Goruba ma ba ita ba ce, ɗana. Mu mutanen Mayahi a bakin Gulbin Kaba muke, da kaba muka girma muna saƙa tabarma da faifai da igiya, saboda haka ko a duhu na taɓa ganyenta zan gane ta. Ƙaramar goruba takan fito cunkus a wuri guda, ganyenta mai tauri ne, launinsa ya yi toka-toka, ƙayarta baƙa ce mai lanƙwasa kamar ƙugiya. Idan ta girma kuma sai gangar jikinta ta rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa. Dabino kuwa ba ya cikin lissafi, tunda ganyensa dogo ne kamar gashin tsuntsu.

Mai Lambu, Yantala:
Malam, farin zaren nan da ka ambata shi ne ya warware maganar. Wannan baƙon icce ne da ake kira Washingtonia, asalinsa daga arewa maso yammacin Meziko da kudu maso yammacin Amurka, kuma mu masu sayar da dashe a bakin kogi muna fitar da shi da yawa ga masu ƙawata gidaje da otal-otal, domin yana jure rana, yana kuma tashi da sauri idan ya sami ruwa, kamar yadda naka ya samu a gindin famfo. Iri biyu ne, filifera mai kaurin jiki da robusta mai siririn jiki, kuma jan da ka gani a gindin sandar ganyen ya sa na fi zaton robusta ne. Kada ka sa ran cin wani abu a kansa, ƴaƴansa ƙanana ne baƙaƙe, ba su kai magarya ba, kusan duk ƙwallo ne.

Game da bango, ka kwantar da hankalinka. Saiwar dangin dabino sirara ce mai yawa, ba ta yin kauri da shekaru kamar ta bedi, wadda ita ce muka saba gani tana ɗaga siminti. Abin da ya kamata ka yi tunani a kai shi ne tsawo, domin robusta yana iya wuce mita 20, kuma busasshen ganyensa ba ya saurin faɗuwa, sai ya rataya a jikinsa ya zama maɓoyar ɓeraye, ga hatsarin gobara lokacin hunturu idan murhu yana kusa.

Baban Rabi, Yamai:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya amsoshinku, ta je ta ja zaren da hannunta, ta ce lalle ba ta taɓa ganin giginya da wannan ba. Na fasa sare shi. Sai dai ina tambaya, zan iya datse kansa don ya tsaya daidai katanga?

Mai Lambu, Yantala:
A'a, Malam, kada ka taɓa kan. Wuri ɗaya tak yake tsiro, can cikin ƙoƙon da sabon ganye ke fitowa, idan aka datse shi iccen ya mutu ke nan, ba ya tohowa daga gefe. Busassun ganyen kawai za ka riƙa cirewa da zarto sau ɗaya a shekara bayan damina, ka bar ɗanyun, ka kuma sa safar hannu mai kauri saboda ƙayar.