Tsokacin 'yan wasa a kan gem ɗina na ƙofofin lojik ya rabu gida biyu, wanne zan bi?

Injin_Tunani:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka saba shiga gem jam, wato gasar haɗa gem cikin ƙanƙanin lokaci.

Na shiga gasar Ludum Dare ɓangaren Jam na awa 72, na haɗa ɗan ƙaramin gem na wasa ƙwaƙwalwa da manhajar haɗa gem ta Godot, wanda ake bugawa a burauza. Yadda yake shi ne, akwai wani ɗan mutum-mutumi da aka kulle a cikin gini, kowane ɗaki ƙyaurensa ba ya buɗewa sai kwan fitilar da ke samansa ya kama, to tsakanin makunnai da fitilar akwai fili inda kai mai wasa za ka ɗauko ƙofar lojik (ɗan haɗin lantarki da ke duba wutar da ta shigo ya yanke ko zai fitar da wuta) ka dasa, ka ja waya ka haɗa. Matakin farko AND ne kawai (tana ba da wuta in duka makunnan suna kunne), na biyu OR (ko ɗaya ne a kunne ya isa), na uku NOT (tana juya abin da ya shigo), a na huɗu sai a ce ka haɗa XOR (tana ba da wuta in ɗaya kaɗai cikin biyun ke kunne) da kanka daga waɗancan ukun, haka dai har matakin ƙarshe inda za ka gina abin tara lamba da NAND (wato AND da aka juya fitarta) zalla.

Alhamdulillahi an buga, na wuce ƙuri'a 20 ɗin da ake buƙata kafin gem ya shiga jerin sakamako, kuma mutane sun bar tsokaci sosai, amma wallahi tsokacin nan ya ɗaure min kai. Kashi ɗaya suna cewa ya yi tsauri, sun maƙale a mataki na huɗu sun rufe, wasu suka ce in sa tutoriyal mai bayanin kowace ƙofa tun daga farko, wani ma cewa ya yi ji ya yi kamar an zaunar da shi jarrabawa. Ɗaya kashin kuma, waɗanda daga rubutunsu ka san masu kod ne ko sun karanci lantarki, cewa suke ya yi sauƙi da yawa sun cinye shi a zama ɗaya, suna tambaya ina haɗin da ke riƙe bayani, ina agogo (siginar da ke bugawa a kai a kai), ina abubuwan manya. Akwai kuma ƙananan ƙorafi, wai jan waya da linzami yana da wahala, wani ya ce ba ya bambanta waya mai wuta da marar wuta (ja da kore na sa), wani kuma ya ce burauzarsa ta sandare gaba ɗaya.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne wata da ta ce ta wuce mataki na huɗu amma ba ta san me ya sa ta ci ba. Ni burina a gem ɗin nan mutum ya fita ya gane yadda kwamfuta ke yanke hukunci, ba ya ci da sa'a ba. Ina so in ci gaba da shi bayan gasar. In rage wahala ne in sa tutoriyal, ko in bi masana in ƙara matakai masu zafi?

Tsohon_Hannu:

Wa alaikumus salam. Da farko barka da gamawa ɗan uwa, ba kowa ke shiga jam ya fito da abin da ake iya bugawa daga farko har ƙarshe ba.

Ni a ganina tsokacin bai saɓa wa juna ba kamar yadda kake gani. Waɗanda suka ce ya yi sauƙi ba gem ɗinka suka buga ba, ilimin da suka shigo da shi suka buga, sun san XOR tun kafin su buɗe shafinka, don haka maganarsu ba ta gaya maka komai game da ko gem ɗin yana koyarwa. Waɗanda suka maƙale su ne ainihin ma'aunin abin da ka ce kana so. Kuma ka lura duk wuri ɗaya suka nuna, mataki na huɗu, to in mutane da yawa da ba su san juna ba suka yi tuntuɓe a wuri guda ka yarda akwai abu a wurin. Amma maganin da suka kawo na tutoriyal ba dole ka ɗauka ba, domin mai ba da maki a jam yana da tarin wasannin da ke jiransa, 'yan mintoci zai ba ka, in ya buɗe ya ga rubutu ya cika allo dannawa zai yi ya wuce bai karanta ba, sannan ya maƙale a wurin da ya maƙale a da.

Abin da zan fara gyarawa shi ne wayar. A bar mutum ya danna makunni ya ga wuta tana tafiya a kan waya a hankali, ta isa ƙofar AND ta tsaya don ɗaya hannun babu wuta, ya danna na biyu ya ga ta fita. Wannan ba sabon tunani ba ne, gem ɗin Rocky's Boots na Warren Robinett da ya fito a 1982 a kan kwamfutar Apple II da haka ya koya wa yara lojik, kana kallon wutar da idonka tana bin waya. Batun ja da kore kuma kar ka ɗauke shi ƙaramin ƙorafi, kusan namiji 1 cikin 12 yana da matsalar bambanta launuka kuma galibi waɗannan biyun ne, wato akwai waɗanda gem ɗin ya zame musu makaho gaba ɗaya. Ka sa waya mai wuta ta yi kauri tana ƙyalli, marar wuta ta zama siririya mai duhu, ka ɗora 1 da 0 a bakin kowace ƙofa.

Sannan ka samu mutum ɗaya wanda bai taɓa jin kalmar NAND ba, ka zaunar da shi ya buga kana tsaye a bayansa, kar ka ce uffan ko da ka ga yana shan wahala. Gani ya kori ji, abin da za ka gani a hannunsa ba wanda zai rubuta maka shi a tsokaci.

Malama_Lantarki:

Na yarda da Malam Tsohon_Hannu a kan waya da launi, amma ina ganin ko an gyara su mataki na huɗu zai ci gaba da kayar da mutane, domin tsallen da ke tsakanin na uku da na huɗu ya yi yawa. A matakai ukun farko ƙofa ɗaya mutum ke dasawa, kwatsam sai ka ce ya haɗa XOR wanda hanyar da aka fi sani tana cin ƙofa 4, OR da AND a kan makunnan biyu, NOT a bayan AND ɗin, sai wata AND ta haɗa su. Bai taɓa jona fitar wata ƙofa a shigar wata ba, ka ga abu biyu ka nema a lokaci guda, ya gane me XOR ke nufi kuma ya koyi jera ƙofofi. Ka raba su. Ka sa mataki ɗaya na AND da NOT a jere, wani na makunni uku da AND biyu, sannan ka ba shi XOR a haɗe ya yi wasa da ita kafin ka ce ya gina ta. Misalin da nake ba ɗalibai shi ne fitilar bene mai makunni biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, duk wanda ka taɓa fitilar sai ta canza, in ka yi ɗaki mai irin wannan ƙyauren za su kama nan take ba sai an yi dogon bayani ba.

Inda na ɗan saɓa da shi kuma, ban ce a jefar da bayani gaba ɗaya ba. Alamomin nan ba a haifi kowa da saninsu ba, AND mai kama da harafin D, OR mai lanƙwasa, ɗan da'irar nan da ke nufin juyawa. Layi ɗaya ya isa, in mutum ya ɗora linzami a kan ƙofa ya ga "tana ba da wuta ne kawai in duka biyun suna kunne".

Abu mafi muhimmanci a wajena shi ne me gem ɗin ke cewa in mutum ya faɗi. Makunni 2 suna da yanayi 4, makunni 3 yanayi 8, makunni 4 yanayi 16. Ka sa ɗan jadawali a gefe, gem ɗin ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a gaban mai wasa, in ya zo layin da bai yi daidai ba ya tsaya a nan ya bar makunnan a haka, ya nuna fitila ta kama alhali bai kamata ba. Mafi yawan masu koyo OR suke dasawa a madadin XOR, layi uku su yi daidai, na ƙarshe inda duka biyun ke kunne shi ke faɗuwa, kuma ganin wannan layin shi ne darasin gaba ɗaya. Makunni da fitilar da ka zaɓa ma daidai ne, masani Claude Shannon a 1937 da makunnai da rile (makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa) ya nuna cewa lissafin gaskiya da ƙarya na George Boole yana aiki a da'irar lantarki.

Baƙuwar_Gem:

Ni dai ban san komai a harkar lantarki ba, na buga gem ɗin ne saboda ɗan mutum-mutumin ya burge ni. Matakai ukun farko na ji daɗinsu sosai, musamman ƙarar da ƙyauren ke yi in ya buɗe. A na huɗu na yi ta dasawa ina cirewa, duk lokacin da na danna gwaji sai allon ya girgiza kawai ya ce ba daidai ba, ban san kusa nake ko nesa ba. Kuma in na ja waya ta faɗa inda ban nufa ba sai na share komai in sake daga farko, wannan ne ya fi ɓata min rai ba wahalar tunanin ba. Da akwai maɓallin komawa baya, kuma da ɗigon da ake jona wayar ya fi haka girma, da ban rufe ba. Abin da Malama ta ce na jadawali da ke tsayawa a inda ka kuskure, wallahi shi nake nema a lokacin ban san sunansa ba.

Injin_Tunani:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, raba matakin nan zan fara da shi. 'Yar uwa Baƙuwar_Gem, bayaninki ya fi min tsokaci goma amfani, don Allah in na gyara ki sake gwadawa. Saura abu biyu, sandarewar burauza, na gano tana faruwa in mutum ya dawo da wayar da ta fita daga NOT ya jona ta a shigarta, shin in hana irin wannan haɗin ne kawai? Sannan masanan nan da suka ce ya yi sauƙi, in ƙyale su ke nan?

Kod_da_Dare:

Kar ka hana shi ɗan uwa. Ina kyautata zaton kod ɗinka kowace ƙofa tana tambayar wadda ke bayanta ne me ta fitar, ita ma ta tambayi ta bayanta, to in waya ta zagayo sai tambayar ta yi ta zagaye ba ƙarshe, NOT kuma da aka jona da kanta ba ta da amsar da za ta tsaya a kai, in 1 ce ta zama 0 in 0 ce ta zama 1. Maganinsa ka mayar da lissafin bugu-bugu kamar agogo, ka ajiye jeri biyu, ɗaya na yanayin yanzu ɗaya na gaba, a kowane bugu duk ƙofofi su karanta na yanzu su rubuta a na gaba sannan ka musanya su. Da wannan NOT ɗin za ta riƙa ƙyaftawa ne kawai ba abin da zai sandare, kuma tafiyar wutar da Malam Tsohon_Hannu ya ce ta zo maka a kyauta, tunda kowane bugu ƙofa ɗaya take tsallakewa.

Kuma wannan zagayen shi ne abin da masanan ke roƙo. NOR (wato OR da aka juya fitarta) biyu kowace fitarta ta shiga ɗayar, ka samu haɗin da ke tuna wanne makunni aka taɓa ƙarshe, ka yi ɗakin da mutum-mutumin zai taka makunni ya sauka amma ƙyauren ya ci gaba da zama a buɗe. Ka dai kula, in an kunna hannuwan biyu aka kashe su a bugu ɗaya zai yi ta rawa tsakanin 1 da 0, ka yanke shawarar yadda za ka nuna hakan.

Ba sai ka tsaurara matakan kowa don su ba. Ka bar cin mataki da sauƙi, amma bayan an ci ka nuna adadin ƙofofin da mutum ya yi amfani da su da mafi ƙarancin da ake iya yi, irin yadda gem ɗin SpaceChem na kamfanin Zachtronics ya yi a 2011 yana gwada sakamakonka da na sauran mutane. XOR tana fita da NAND 4, abin tara lamba cikakke mai karɓar ragowa yana fita da NAND 9, wanda ya yi da 12 ya wuce amma in masani ne ba zai iya barci ba sai ya dawo ya rage.

Abu ɗaya ka kiyaye, a ƙa'idar Ludum Dare an yarda ka gyara matsala irin ta sandarewa a lokacin ba da maki in dai ka rubuta abin da ka canza, amma sababbin matakai da jadawali da sauransu sai ka ɗora su daban a matsayin sigar bayan gasa, ka bar ta asalin yadda take. In ka ɗora sabuwar ka sanar da mu a nan, ina so in gwada haɗin NOR ɗin da kaina.