Ɗan haya ko ɗan gida?

Baban Ihsan: Salamu alaikum jama'a. Wallahi tun jiya raina a ɓace yake. Shekara 6 ina buga wa ƙungiyar sofbol (wasan bugun ƙwallo da sanda, mai kama da besbol) ta wurin aikinmu wasa a nan Chicago. Ni ke yawo da sanduna da ƙwallaye a but ɗin motata, ni ke bin kowa da waya duk Laraba. Jiya a walimar rufe kaka sai aka ɗauki kofin gwarzon shekara aka miƙa wa yaron da ya zo a watan Afrilu. Ban ce bai iya ba, amma ɗan haya ne.

Sani Kumasi: Wa alaikumus salam. Yaya, ɗan haya fa ka ce? Yaron nan a sito ɗaya muke lodi da shi, katin shiga iri ɗaya ne a wuyanmu.

Baban Ihsan: Katin ɗan kwantiragi ne. Wata shida aka ba shi.

Sani Kumasi: To ni ma ɗan kwantiragi ne shekara biyu kenan. Ashe ni ma haya aka ɗauko ni?

Maman Walid: Baban Ihsan, a gida ɗan haya shi ne wanda unguwa ta biya kuɗi ta ɗauko daga wata unguwa ranar wasan ƙarshe. Wa ya biya yaron nan ko sisi?

Malam Idi: Ba sai an biya ba, Hajiya. Tunda manaja ya ji ya taɓa buga besbol a makaranta ya matsa a sa shi, ai haya ce ko ba kuɗi.

Maman Walid: Daga ina ka ji haka, Malam?

Malam Idi: Kowa ya sani.

Auwalu: Ni dai abin da idona ya gani zan faɗa. Wasan Chicago da ƙwallon inci 16 ake yi, kuma ba a sa safar hannu, da tafin hannunka za ka cafe. Wasa na uku ƙwallo ta bugi ɗan yatsansa na tsakiya, nan take ya kumbura ya yi suntum. Ya naɗe shi da filasta haɗe da na kusa, ya koma fili. A zagaye na 7, wato na ƙarshe, da wannan hannun ya cafe wadda ta raba gardama. Wanda aka ɗauko haya ba ya ba da yatsansa haka.

Baban Ihsan: Auwalu, yatsuna biyu sun karkace a wasan nan, ko zobe ba ya shiga. Wa ya ba ni kofi?

Ɗanjuma: Ni duk mamaki kuke ba ni, manya da gemu kuna rigima kan wasan mata.

Maman Walid: Ɗanjuma ka iya bakinka. Maza ne suka fara shi a garin nan a 1887, kuma ko na mata ne sai me? Matan Japan da suka doke Amurka 2 da nema a wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Tokyo, kai za ka iya taɓa jifarsu?

Ɗanjuma: Wancan mai saurin jifa ne Hajiya, naku lallaɓo ƙwallon ake yi ta ƙasan hannu kamar ana miƙa wa yaro lemo.

Auwalu: Ka zo Laraba ka tara hannu, sai mu gani.

Sani Kumasi: A bar wannan. Har yanzu Yaya bai janye kalmarsa ba. Kullum haka ne, mu 'yan kwantiragi da 'yan Zango mu ne bare, ku 'yan Kano ku ne masu gida.

Malam Idi: Me ya kawo Kano a nan? Ni ɗan Maraɗi ne.

Sani Kumasi: Amma bayan Yaya kake bi tun ranar da ya saka ka a layin farko na masu bugu.

Malam Idi: Allah ya isa in don haka ne.

Baban Ihsan: Sani ƙanena, ban da kai nake ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ko sunana ba a ambata ba a wurin walimar, ina zaune da matata.

Maman Walid: To da haka ka fara, da ba wanda zai ja da kai. Amma ɗan haya zagi ne.

Alhaji Bala (shugaban zaure): Ya isa haka, dare ya yi. Na karanta duka. Abin da na fahimta, yawancinmu mun yarda an yi wa Baban Ihsan rashin adalci, domin shekara 6 ba wata shida ba ce, kuma ni shaida ne a motarsa nake zuwa fili. Yaron ya yi ƙoƙari, ba a hana shi ba. Kalmar ɗan haya kuwa zafin rai ne, kada a riƙe ta. Zan yi wa kyaftin magana a samo wa Baban Ihsan nasa kofin.

Sani Kumasi: Alhaji, yawancin su wa? Mutum biyu ne kawai, kai ne na uku.