Neman kalma: me za mu kira voice coil da Hausa? Shiri na jira ran Juma'a

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum jama'a. Ran Juma'a da dare ina da shiri a rediyo nan Kumasi kan gyaran lasifikar gida wadda ta ƙone don an ƙure mata murya. Inda na maƙale shi ne voice coil, siririyar wayar jan ƙarfen nan da aka naɗe, take zaune cikin tsagar maganaɗisu. Dattawa na sauraronmu sosai, ba na son in yi ta jifansu da Turanci. A taimaka kafin Alhamis.

Masta Lantarki: Wa alaikumus salam. Mu a shago koyil muke cewa. In bayani kake so, ka ce naɗin waya. Amma ka fara gaya musu dalilin ƙonewar. Wutar da ampilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ke turawa, abin da ke zama sauti a lasifikar gida da wuya ya wuce kashi 1 cikin 100, sauran duk zafi ne, kuma wayar nan ke shan sa. In ya yi yawa fentin jikinta ya babbake, gam ya saki, naɗin ya kwance ya fara gogar bakin maganaɗisu. Ka danna takardar gaban lasifika da yatsu a hankali, in ka ji tana gurza, to ta samu matsala. Ka shinshina za ka ji ƙauri. A mitar awon wuta, lafiyayyar lasifika mai om 8 (om ma'aunin tirjiyar waya ne ga wuta) takan nuna wajen 6. In mita ta yi shiru, waya ta tsinke.

Malamin Asawase: Masta, da girmanka, koyil ba Hausa ba ce. Lasifika ma aro ce, muna da amsa-kuwwa. Ni na ce MAƘOGWARO. Daga nan murya take tasowa, a mutum da na'ura duka.

Masta Lantarki: Allah ya gafarta Malam, ba daga nan sauti ke fita ba. Waya turawa kawai take yi, takarda ce ke kaɗa iska. In na ce wa kwastoma maƙogwaro ya ƙone, ramin jikin akwatin zai leƙa.

Hajiyar Zango: Me ya hana kwarkwaro? Masaƙa a kansa suke naɗe zare.

Masta Lantarki: Hajiya, kin kawo mai amfani, amma ga wani abu daban. Kwarkwaro ya dace da bututun da ake naɗa wayar a kai, na takarda ko alminiyam. Shi ma yakan kumbura da zafi. Shi ya sa in za mu liƙa sabo mukan zagaye tsagar da yankan fim na hoton asibiti, ya zauna daidai tsakiya har gam ya bushe.

Malamin Asawase: Duk wannan bai ture maƙogwaro ba. Harshe ba ya girma da aro. Yau koyil, gobe 'ya'yanmu rabin maganarsu Turanci, rabi Tuwi.

Baƙo daga Kano: Ku yi haƙuri, amma irin wannan aiki a bar wa masana a Jami'ar Bayero. Wurin da ake ce wa mace "ya zo" ba nan za a yanke wa Hausa kalma ba.

Hajiyar Zango: A'a ɗana, gyara zancenka. Kakanninmu fataken goro ne, suna Hausa a Salaga tun kafin Bature ya shigo Kumasi. Alhaji Umaru haifaffen Kano ne, amma a Kete Krachi ya zauna yana rubutu da Hausa har ya rasu a 1934. Ba bara muke yi a harshen nan ba.

Baƙo daga Kano: Ban raina kowa ba Hajiya, daidaitacciyar Hausa nake karewa.

Malamin Asawase: Daidaitacciyar taku ai ita ta cika da aro. Mota, rediyo, tebur, wa ya kawo su?

Ɗan Aboabo: Don Allah iyayena mu dawo kan waya, lokaci na tafiya.

Yaron Masta: Yaya, ka sa wannan a shirin. Mutane na zaton babbar ampilifaya kaɗai ke kashe lasifika. Ƙarama ma tana yi in an murɗa ta har ƙarshe: sauti ya fara tsagewa, ƙarfi ya taru kan tuwita, wato ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti, ita kuwa wayarta ta fi kowacce siranta, nan take ta ƙone. Da ka ji murya ta fara karcewa, a rage. Tuwitar ma me za mu kira ta?

Hajiyar Zango: Ku haɗa na Masta da na Malam mana. Naɗin murya.

Masta Lantarki: Ya shiga kunne. Sai dai in na je sayen kaya a kasuwar Adum koyil zan ce, don mai shago ba zai san naɗin murya ba.

Malamin Asawase: Ya fi koyil, wannan na yarda. Amma ban janye maƙogwaro ba, shi zan koya wa ɗalibaina.

Ɗan Aboabo: Na gode ƙwarai. Zan fara da "naɗin murya, wanda masu gyara ke kira koyil", daga nan in ci gaba da naɗin murya, bututun kuma kwarkwaro. Tuwita zan bar ta yadda take a wannan makon. Masta, ka iso da ƙarfe bakwai da rabi mu bi tambayoyin tare kafin mu shiga.