Tambaya kan barbarar jemagu da yadda suke renon 'ya'yansu

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum. A kan itatuwan maɗaci da ke unguwarmu akwai dubban jemagu manya masu wuya ruwan ɗorawa, kuma na lura cewa gab da faɗuwar damina wasunsu kan tashi da magariba ɗauke da ɗa manne a ƙirji. Ina roƙon masana su fayyace mini: shin namiji da mace suna zama tare ne kamar tantabaru, kuma me ya sa haihuwarsu take zuwa a lokaci guda?

Malamar Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Bisa kwatancenka, Malam, wannan shi ne jemagen da masana ke kira Eidolon helvum, irin wanda miliyoyinsa suke taruwa a gandun dajin Kasanka na ƙasar Zambiya tsakanin Oktoba da Disamba. Ba sa zaman namiji ɗaya da mace ɗaya, kuma reno aikin uwa ne ita kaɗai. Abin da ya fi ba ni mamaki a rayuwarsu shi ne cikin da mace take ɗauka. Barbara kan auku tsakanin Afrilu da Yuni, amma ƙwan da ya haɗu da maniyyi sai ya dakata da girma har wajen Oktoba, sannan ya kama mahaifa ya ci gaba, ta yadda haihuwa za ta faɗo kusa da farkon ruwa, lokacin da 'ya'yan itatuwa suke yawaita kuma uwa take samun abin da za ta yi nono. Ɗa ɗaya tak take haifa a shekara, saboda haka ina baƙin ciki idan na ga ana harbinsu a wannan lokaci, domin duk uwar da ta faɗi da ɗanta take faɗuwa.

Baban Hauwa:
Allah ya ƙara ilimi, Malama. Zan ƙara da labarin wani jemage mai faffaɗan baki na dazuzzukan tsakiyar Afirka, wanda Jack Bradbury ya yi nazarinsa a Gabon ya wallafa a 1977. Mazan kan jeru a rassan bakin kogi da dare, kowa yana kuka mai ƙarfi yana kaɗa fukafukai, su kuma matan suna shawagi daga wannan zuwa wancan kafin su zaɓa, kuma maza 'yan kaɗan ne suke samun mafi yawan matan. Maƙogwaron namijin ya girma har ya cinye kusan rabin cikin jikinsa saboda wannan kira.

Ɗan Zazzau:
Na gode ƙwarai. To a cikin wannan cunkoso, yaya uwa take gane nata?

Malamar Kimiyya:
Da murya da ƙamshi. Misali, a kogon Bracken na jihar Texas a Amurka, inda wani nau'in jemage daban yake zama, iyaye mata suna barin jarirai cunkushe a jikin bango su tafi kiwo, idan sun dawo kowace ta nufi wurin da ta bar nata, ta saurari kukansa, sannan ta sansana shi kafin ta ba shi nono.