Dan Allah wa ya san inda zan samu tukunyar oksijin ta ajiyewa a gida?

Tela Mai Zare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, ƙarfe 3 na dare ne yanzu kuma ciwon bai daɗe da sakina ba. Shekara ta 6 kenan ina fama da wani ciwon kai, ɓangaren dama kawai, can bayan ido, kamar an gasa ƙusa a wuta ana soka min. Idon ya yi jajir yana hawaye shi kaɗai, hancin wannan ɓangaren ya toshe, fatar idon ta sauko. Kwanciya ba ta yiwuwa, zagaye nake ta yi a tsakar gida har in buga kai da bango. Minti 40 ko awa ɗaya sai ya tafi kamar ba a yi ba. Kuma agogo gare shi, ƙarfe 2 na dare, wani lokacin ya ƙara da la'asar. Sai ya yi wata 2 kullum a haka sannan ya ɓace kusan shekara.

Farkon zuwansa ana saura kwana 10 sallah ne, ɗinki ya cika shago, ga yarona ya gudu da shaddar wani Alhaji yadi 10 wadda ni na biya daga aljihuna, kuma uwar yaron har yau ba ta gaishe ni wai ni na kore shi, alhali ni na koya masa riƙe almakashi tun yana ɗan shekara 12, abincinsa ma daga gidana ake kai masa, to a lokacin kowa ya ce damuwar wannan abin ce da rashin barci. An yi min maganin taifod sau 3, an cire min haƙori lafiyayye, na yanki gilashi. Sai bara wani likitan jijiyoyi ya ce wannan ba ciwon ɓarin kai ba ne da aka sani, sunansa kulasta. Ranar Allah ya sa ya kama ni a gabansa, ya sa aka ɗora min oksijin, wlh minti 10 ya tafi. Kuka na yi a gaban mutane.

Yanzu ya dawo yau kwana 12. Na je wani asibiti da dare suka maƙala min abu a yatsa suka ce 98, wai numfashina lafiya lau, oksijin na masu ciwon huhu ne, ɗaya ma kallon ɗan tiramol yake min. Ƙanin matata ya sayo min injin nan mai haɗa oksijin da wutar lantarki amma ko gezau. Ina mafita?

Maman Ikram: Wayyo sannu Malam, Allah ya sa kaffara ne. Ni ma ɓarin kai nake fama da shi tun haihuwar fari, in ya taso sai na rufe ɗaki na kashe fitila, amma maigidan cewa yake lalaci ne don kar in yi girki, uwarsa kuwa ta ce su a zamaninsu da ciwon kai suke daka. Wanda bai ɗanɗana ba ba zai gane ba. Ka gwada man habbatussauda a goshi.

Injiniya Mai Walda: Ɗan uwa ka kwantar da hankalinka, ka zo gidan magana. Shekara 22 ina aiki da oksijin. A ganina na asibiti da namu na walda duk abu ɗaya ne. Ka je inda muke cika tukunya ka ɗauki babba ka ajiye a ɗaki, magana ta ƙare. Ba takardar likita ba dogon turanci.

Anti Nas: Sannu ƙanina. Abin da ka kwatanta ya yi daidai da abin da likitan ya faɗa maka. Injin ƙanin matarka lita nawa yake bayarwa a minti? Yawancin na gida 5 ne, manyan su kai 10, kai kuma abin da ake so lita 12 zuwa 15 a minti, na tsawon minti 15 zuwa 20, da takunkumin fuska mai jaka a ƙasansa, ba siririn tiyo mai shiga hanci ba. Kana zaune ka ɗan sunkuyo gaba, kuma da ya fara za ka sa ba sai ya yi nisa ba. Shi ya sa injin bai yi maka komai ba. Wannan 98 ɗin kuma ba ruwanta da maganar, ba don numfashi ya gaza ake ba ku ba, amma ba kowane ma'aikacin dare ya san haka ba. Ka koma wurin likitan ya rubuta maka takarda da sunan ciwon da litar, ka riƙa yawo da ita a aljihu. Tambayata, bai ba ka maganin rigakafi ba?

Tela Mai Zare: Anti na duba, 5 aka rubuta a jiki. Amma ƙanin matata fa kuɗinsa ya fi na keken ɗinki biyu ya kashe, ba zan iya duban idonsa in ce bai yi amfani ba. Ina ganin wutar unguwarmu ce ba ta da ƙarfi.

Anti Nas: Ko daga Kainji aka jawo maka waya 5 ɗin zai bayar. Ba ka amsa min maganar magani ba.

Injiniya Mai Walda: Ai na faɗa. Inji a ƙasar da NEPA ke ɗauke wuta ƙarfe 12 na dare? Tukunya ba ta san janareto ba. Lokacin korona a 2020 kowa ya ga yadda oksijin ya zama gwal, ai su waye suka san kan tukunya in ba mu ba. Abu ɗaya zan ja maka kunne, kar maiko ko giris ya taɓa kan tukunyar, kai ma tela ne hannunka kullum da man keke, yana iya kamawa da wuta. Kuma ka ɗaure ta da bango kar yara su kayar.

Anti Nas: Injiniya maganar maiko gaskiya ka faɗa. Amma tukunyar da ta yi shekaru tana yawo a gareji wa ya san me ya shige ta? Kuma kan da kuke ɗaurawa ƙarfin iska yake aunawa ba lita a minti ba. Akwai masu sayar da kayan asibiti da ke ba da hayar tukunya da kanta mai kaiwa 15. Sai dai ya yi lissafi, lita 15 sau minti 15 lita 225 kenan a tashi ɗaya, ƙaramar tukunyar nan mai lita wajen 680 tashi 3 ta ƙare. Babba yake buƙata.

Injiniya Mai Walda: To ashe kin dawo kan maganata, babba. Hajiya ku ma'aikatan asibiti komai sai kun sa masa tsoro. Mahaifina a kan benci ya kwana 2 ana jiran gado, ba wanda ya kalle mu sai da na ɗaga murya, tun ranar na daina jiran kowa.

Kawu Na Zariya: Ɗana, ciwon da yake zuwa ƙarfe 2 na dare daidai kullum bai kuskure, kai ba ka yi tunanin komai ba? Ga kuma yaron da kuka rabu ba daɗi. Ban ce komai ba, amma a haɗa da ruƙya da azkar. A yi ƙaho ma a ƙeya.

Tela Mai Zare: Kawu an yi ruƙya sau 4, malamin da kansa ya ce in tafi asibiti. Likitan ya ce agogon barci da ke cikin ƙwaƙwalwa ne ke da hannu shi ya sa yake riƙe lokaci. Anti, ya ba ni berapamil, ya ce sai ana duba bugun zuciyata da na'ura duk sanda za a ƙara yawansa. Na sha kwana 9 ban ga canji ba, ga shi ya ɗaure min ciki, na ajiye. Kuma zuwa wurinsa yini guda ne, shago a rufe.

Anti Nas: Kwana 9?? Maganin da sai an yi sati 2 ko fiye ana ƙara shi a hankali kafin a ga aikinsa. Shi ya sa ake haɗa shi da firedinisolon na ɗan lokaci kafin ya kama. Akwai kuma allurar sumatiriftan ta ƙarƙashin fata, miligiram 6, tana yanke shi cikin minti 15, sai dai tsada da wuyar samu, kuma ba a ba mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba. Ƙwayar sumatiriftan ta haɗiya kafin ta fara aiki ciwon ya gama cin ka. Duk wannan ba na kemis ba ne, ka koma asibiti. In kana Kano akwai likitocin jijiyoyi a asibitin Malam Aminu Kano, in Zariya ne akwai Shika. Kana shan taba?

Ɗan Acaɓa 02: Nifa tiramol ce ke min maganin komai lol

Tela Mai Zare: Na sha ta a shekarar farko ba ta taɓa shi ba, sai maye. Taba kuwa kara 3 ne ko 4 a yini, kuma a bakin shago nake sha ba a gida ba, ban ga haɗinta da wannan ba. Dama ni tambayata inda zan samu tukunya ce.

Anti Nas: Haɗinta shi ne za ka ajiye oksijin a gidan da akwai ashana a aljihunka, ga risho ga yara.

Injiniya Mai Walda: Yarana rabinsu suna sha kuma ba wanda ya tashi da garejin, hankali ne kawai. Ka turo min saƙo gobe in haɗa ka da mai cika mana, in ya so ka sayi kan asibitin nata ka ɗaura.

Maman Ikram: Ni dai Anti wannan oksijin ɗin yana yi wa irin nawa?

Anti Nas: Naki daban ne Maman Ikram, ke kwanciya kike nema shi kuwa zama ma gagararsa yake. Injiniya kan asibiti ba kowace tukunya yake hawa ba fa.

Tela Mai Zare: Na gode duka Allah ya bar zumunci. Zan ƙara gwada injin yau da janareton maƙwabcina tukunna in gani. Injiniya nawa ake cika babbar? Kuma tana shiga a Keke Napep?