Masu karatu daga nesa a Legas, me ake ce muku a unguwa?

Mai albasa, Mile 12: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 43, ina aji biyu a NOUN, wato Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya ta karatu daga nesa. Karatun bai dame ni ba kamar bakin mutane. Ran nan ina amsa TMA, wato aikin gwajin da ake ba mu, a waya, a zaune kan buhu, maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Alhaji, yanzu digiri ma a waya ake saye?" Aka kwashe da dariya. Wallahi abin ya sosa mini rai. Ku fa, me kuka gani?

Maman 'yan biyu, Agege: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni da surukata aka fara. Cewa ta yi mace mai 'ya'ya huɗu me za ta tsinta a boko. Maigidana ne ya tsaya mini na shiga DLI, sashen karatu daga nesa na Jami'ar Legas (UNILAG) da ke Akoka. Lokacin jarrabawa ana idar da sallar asuba nake neman danfo zuwa Yaba, daga nan Akoka, littafi a cinya, ina bita cikin cunkoso. Da Hajiya ta ga wata uku fitilata ba ta mutuwa sai ƙarfe ɗaya na dare, da kanta ta ce in riƙa kawo mata yaran. Allah Ya saka mata.

Direba, Apapa: Gaskiya ni shekara ɗaya na yi na ajiye. Ba malamin da zai tsaya a kanka, ga kuɗin data, ga gajiya. Mai cewa karatun banza ne bai taɓa gwadawa ba. Har yau abin na raina.

Ɗaliba, Obalende: Baba ya yarda ne kawai don a gida zan riƙa kwana.

Malamin Islamiyya, Idi-Araba: Alhaji, ka yi haƙuri, rashin sani ne. NOUN jami'ar gwamnatin tarayya ce. Zamanin Shagari aka kafa ta a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita, kuma bayan ya sauka daga mulki a can ya yi digirin digirgir. Ni abin da ke ba ni takaici, in ka je cibiyar karatu ta jami'ar za ka tarar da 'yan sanda, 'yan kasuwa, iyaye mata masu furfura, amma namu ƙalilan ne. Ranar jarrabawa ka ja maƙwabcin naka zuwa cibiyar NOUN ta titin McCarthy, ya ga yadda ake duba katin shaida kafin mutum ya zauna gaban kwamfuta.