Lissafi a akumuleta: ina tutar C ta taɓa kayar da ku?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu rubuta asambli (harshen ba firosesa umarni kai tsaye), kowa ya kawo inda lissafi ya taɓa karkace masa a akumuleta, wato A, ma'ajiyar da firosesa ke ajiye sakamakon lissafi. Nawa daga firosesa 8085 ne. MVI A,C8H sai ADI 64H, wato a sa 200 a A sannan a ƙara 100 (H na nuna lambar hex ce, mai tushe 16). Abin da ke zama a A shi ne 2CH, 44 ke nan, domin bit takwas ba sa ɗaukar fiye da 255. Ragowar ta hau tutar CY (bit ɗin da ke riƙe ragowa, ita ce tutar C), kamar ɗayan da ake ajiyewa a lissafin firamare. In lambar bayit biyu ce, a fara da ADD a ƙaramin bayit (bayit bit takwas ne), sannan ADC, mai haɗawa da ragowar, a babba.

Mai 6502: Wa alaikumus salam, Malam. A 6502 babu ADD sam, ADC kaɗai ke akwai, kullum kuma tana haɗawa da abin da ke tutar C. Ka manta CLC, mai mayar da C sifili, amsa ta ƙaru da ɗaya wani lokaci, wani lokacin ta fito daidai. Wannan ne ke sa kuskuren wuyar kamawa. Debewa ta fi ruɗi. SEC, mai mayar da C ɗaya, ake sawa kafin SBC, umarnin debewa, kuma C ta zama 0 ne idan an yi aro. A 8085 akasin haka ne: bayan SUB, CY tana 1 in an yi aro. Wanda ya saba da ɗaya ya koma ɗaya, nan yake faɗuwa.

Wata 'yar'uwa: INR, mai ƙara ɗaya, a 8085 ba ta taɓa CY. Idan kana jiran tutar, ADI 01H za ka sa.

Mai 8086: Gaskiyarki, Malama. Ni rabawa na fi gani tana cin mutane. DIV BX (rabawa da abin da ke ma'ajiyar BX) ba ma'ajiyar AX kaɗai take rabawa ba, DX da AX take haɗawa su zama lamba ɗaya. Duk shara da ta rage a DX ta shiga lissafin, in amsar ta fi ƙarfin AX kuma shirin ya tsaya da kuskuren rabawa. Sai a sa XOR DX,DX tukuna don share DX; in lambar mai alama ce (mai iya zama ƙasa da sifili), CWD, mai miƙa alamar zuwa DX, sannan IDIV, rabawar masu alama. Amsa a AX, saura a DX.

Mai 6502: Tunda an zo kan masu alama: 50H da 50H suna ba da A0H, wato -96, C ko motsi ba ta yi. Tutar V, mai nuna amsa ta wuce iyakar lamba mai alama, ake dubawa a nan, da umarnin BVS.